Littattafan Kirista na Hausa a Kudancin Jigawa: Asalinsu, Kalmominsu da Karatunsu a Birnin Kudu da Gwaram

Tsakure

Maƙalar ta dubi littattafan addinin Kirista da aka rubuta ko aka fassara da Hausa, ta fuskar masu karanta su a ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram. Ta bi sawun yadda littattafan suka samu, sannan ta tsaya a kan kalmomin da mafassara suka zaɓa, domin a cikin kalmomin ne aƙida take zaune, kuma da su ne Kirista da maƙwabcinsa Musulmi suke fahimtar juna ko su saɓa.

Gabatarwa

Birnin Kudu da Gwaram suna kudancin Jihar Jigawa, a ƙarƙashin masarautar Dutse, kuma sun yi iyaka da Jihar Bauchi. Kafin a ƙirƙiri Jigawa a watan Agusta na 1991, yankin yana cikin Jihar Kano. Mafi rinjayen mazauna Musulmi ne, Hausawa da Fulani. Kiristoci 'yan tsiraru ne, kuma ba daga tushe guda suka fito ba. Akwai 'yan ƙasa, waɗanda kakanninsu suka bar addinin gargajiya, musamman daga cikin Warjawa, waɗanda ƙasarsu ta ratso daga Warji da Ningi ta shigo gefen Birnin Kudu, da kuma zuriyar Maguzawa. Akwai baƙi da aiki ko fatauci ya kawo: malaman makaranta, ma'aikatan Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, 'yan kasuwa da masu bautar ƙasa. Baƙin sun fi karkata ga Ingilishi a wajen ibada. 'Yan ƙasa kuwa da Hausa suke sujada, da ita suke waƙa, da ita suke karatu, ko da a gida wani harshen suke yi.

Abin da suke karantawa rubutacciyar Hausa ce mai tarihin da ya haura shekara 160, amma ba kasafai sassan nazarin Hausa suke kula da ita ba. Ɗalibi yakan gama digiri ya san waƙoƙin masu jihadi da littattafan gasar 1933, ya san adabin kasuwar Kano, bai taɓa jin yadda aka yi aka fassara Littafi Mai Tsarki ba, alhali aikin ya taɓa kusan kowace matsala da masanin fassara yake karantarwa a aji.

Daga Schön zuwa Wusasa

Aikin ya faro ne a nesa da ƙasar Hausa. James Frederick Schön, Bajamushe mai aiki da ƙungiyar mishan ta CMS, ya shiga tawagar da ta hau kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya fitar da jerin kalmomin Hausa a 1843. Bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Mafi yawan Hausarsa daga bakin Dorugu ya same ta, wani yaro ɗan ƙasar Damagaram da matafiyi Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila. Da wannan taimako aka buga Bisharar Matta a 1857, aka kammala Sabon Alkawari a 1880. Hausar waɗannan littattafai tana da rauni, kuma kaɗan daga cikinsu ne suka isa hannun Bahaushe. Amfaninsu shi ne sun share fage.

Wanda ya ɗauki nauyin aikin a cikin ƙasar Hausa shi ne Dakta Walter Miller. Ya fara koyon Hausa a Tarabulus wajen fatake da mahajjata, ya zo Kano a 1900 cikin tawagar Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su, suka koma Girku. A 1905 ya zauna a birnin Zariya, daga baya a 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa. Shi da abokan aikinsa daga wasu ƙungiyoyin mishan, tare da Hausawan da suka zauna da su suna tace magana, suka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932.

A nan akwai wani zare da ya haɗa wannan tarihi da maƙwabtan Birnin Kudu da Gwaram. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa fiye da yadda sauran malamai suka yarda. An kashe shi a Kano, mabiyansa da aka sani da Isawa suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi, wadda a lokacin mafaka ce ga masu gudun hukuncin Kano. A 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka iske Miller a Zariya, aka kafa musu ƙauye a Gimi, kafin cutar barci ta tarwatsa shi. Abin lura shi ne mutanen nan sun iso da sunan Isa da Linjila a bakinsu tun kafin su ga littafin mishan. Wato mafassara ba su tarar da harshen da babu kalmomin addini a cikinsa ba. Sun tarar da harshen da Musulunci ya riga ya cika da su ƙarnuka da dama.

Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana hana 'yan mishan aiki a cikin masarautun Musulmi, sai a shekarun 1930 aka sassauta. Ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, ta samu shiga lardin Kano, kuma a 1937 aka danƙa mata kula da matsugunan kutare na larduna: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. A waɗannan wurare majinyaci yakan shekara yana shan magani, a cikin zaman ne da yawa suka koyi karatun boko da Hausa, suka koma ƙauyukansu da littafi a hannu. Makarantar yara ta Roni da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa sun horar da masu bishara da Hausa zalla. Ikilisiyoyin da suka tsiro daga aikin SIM su ne suka zama ECWA a 1954. A yau Katolikan Jigawa suna ƙarƙashin Dayosis na Kano, Angilikan kuma suna da Dayosis na Dutse.

Jos ce ta zama cibiyar ɗab'i da rarrabawa. A da, a can SIM take da maɗaba'arta, daga can mujallar Labarin Ekklesiya ta riƙa fitowa, can ne kuma uwar shagunan littattafai na Challenge. Har yanzu littafin da ya isa majami'ar ƙauye a Gwaram galibi ta Jos ko Kano ko Bauchi ya biyo, a jakar fasto ko ta wanda ya je taro.

Maganar ajami ba ta da tsawo. An buga wasu sassa da ajami domin waɗanda suka yi makarantar allo, amma boko ne ya yi rinjaye, saboda gwamnati shi ta zaɓa, kuma yawancin masu karatun mishan ba su taɓa riƙe allo ba.

Kalmomin da aka gada da waɗanda aka ƙera

Mafassaran 1932 sun ɗauki kalmar Allah ba tare da wani dogon ja-in-ja ba, haka Ubangiji, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, gafara, Shaiɗan, Attaura da Zabura. Da wuya a ce suna da wata mafita, domin ko Bamaguje da ke yi wa iskoki yanka ya san Allah da wannan suna. Sakamakon haka shi ne Kirista da Musulmi a kasuwar Gwaram suna iya daɗewa suna hirar addini da kalmomi iri ɗaya, kowa yana zaton sun fahimci juna, alhali nauyin da kowannensu ya ɗora wa kalmar daban ne.

Misali mafi bayyana shi ne tsarki. A bakin Musulmi Bahaushe, abin da kalmar take fara kawowa a zuciya shi ne tsabtar jiki daga najasa, wadda ake yi da ruwa kafin ibada. A littattafan Kirista kalmar tana ɗauke da keɓewar Allah daga dukkan aibi, da keɓe mutum ko abu domin Allah. Daga nan aka samu Ruhu Mai Tsarki da sunan littafin kansa. Ma'anar tana nan a Hausa tun asali, kamar yadda ake tsarkake sunan Allah a wajen tasbihi, sai dai fassarar ta jawo ta daga gefe ta sa ta a tsakiya.

Alheri ta fi wannan wuya. Koyarwar ikilisiyoyin bishara ta tsaya ne a kan cewa ceto kyauta ce wadda mutum bai cancanta ba, kuma ba ya iya biya. Kalmar da aka ɗora wa wannan nauyi ita ce alheri. To amma alheri a zaman Hausawa abu ne da ake tunawa, ake kuma rama shi: wanda ya kawo gudummawa ranar suna ya san za a kai masa ranar nasa. Don haka mai wa'azi a ƙauye yakan ɓata lokaci yana warware wa jama'a cewa wannan alherin ba irin na biki ba ne. Kalmar ta yi daidai ta fuskar daɗin ji, ta bar wa mai koyarwa aikin da ba ya ƙarewa. Duk da haka da wuya a samo wadda ta fi ta. Ni'ima da rahama kowacce tana da nata kayan da take jawowa.

A wasu wuraren mafassara sun kauce wa kalmar Larabci da gangan. Inda Musulmi zai ce imani, littattafan Kirista sun tsaya a kan bangaskiya, wadda aka gina daga ba da gaskiya, Hausa tsantsa. Ba su ce salla ba, sun ce addu'a, taron ibadar Lahadi kuma suka kira shi sujada, ko da yake ba a kai goshi ƙasa a cikinsa. Cin gurasa da shan ruwan inabi domin tunawa da mutuwar Yesu suka kira shi Jibin Ubangiji, da tsohuwar kalmar nan jibi wadda samarin birni da yawa ba su ƙara ji ba sai a karin magana. Inda Hausa ba ta da abin ba su, sun aro daga Girkanci: ikilisiya, baftisma. A wani wurin kuma jama'a ce ta yi nata zaɓin, domin kashi ɗaya cikin goma da mai bi yake fitarwa daga amfanin gonarsa ko albashinsa zakka ake ce masa a majami'u da yawa, a haɗa shi da baiko, ko da yake ƙa'idarsa ba ta zakkar fiƙihu ba ce.

Akwai kuma almajiri. Mabiyan Yesu goma sha biyu almajirai ne a kowace fassarar Hausa, kuma a 1932 zaɓin ya dace ƙwarai: mutum ne da ya bar gida ya bi malami domin ilimi. Yau kalmar ta sha kaye a bakin jama'a da jaridu har ta koma nufin yaro mai bara. Yaron da ya tashi a Birnin Kudu yana ganin almajirai da robobinsu a tasha, idan ya ji an karanta kalmar a makarantar Lahadi, sai malami ya mayar da shi ga ma'anar farko. A nan littafin ya zama ma'ajiyar tsohuwar ma'ana.

Wurin da fassara ba ta iya sulhuntawa shi ne Ɗan Allah. Wannan ba matsalar zaɓin kalma ba ce, saɓani ne na aƙida tsakanin addinan biyu, kuma kowane ɓangare ya san haka. Littattafan koyarwa na Kirista suna bayyana cewa ba haihuwa ta jiki ake nufi ba. Musulmi kuwa yana da nassin Suratul Ikhlasi a gabansa. Abin da harshe ya ƙara a kai shi ne kalmar ɗa a Hausa tana da faɗi, kamar a ɗan gari da ɗan hanya, amma idan aka jingina ta ga mai rai, kunne haihuwa yake fara ji.

Fassarar 1932 da ta 1979

Bugun 1932 ya riga daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa da ake bi yanzu. Ƙamus ɗin Bargery, wanda shi ma da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar, sai a 1934 ya fito, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma a 1939. Shi ya sa mai buɗe tsohon bugu zai ga ch a inda yau ake rubuta c, ya ga karan ɗori a bayan mai, ya ga sunan littafin kansa da t guda. Ginin jimlolinsa ma yakan bi sawun Turanci da Girkanci kusa da kusa, har wani lokaci numfashin mai karatu ya ƙare kafin jimla ta ƙare.

Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1966, ta fitar da sabuwar fassara a 1979, da rubutu na zamani da jimloli masu bin tafiyar Hausa. Sauyin da ya fi jan hankali yana cikin sunaye. Matta ya koma Matiyu, Yohanna ya koma Yahaya, Kristi ya koma Almasihu. Misalai ya zama Karin Magana, Kubawar Shari'a ta zama Maimaitawar Shari'a, Mai-Wa'azi ya zama Mai Hadishi, Ru'ya ta Yohanna ta zama Wahayin Yahaya. Ana iya ganin inda aka dosa: a matso kusa da sunayen da Bahaushe ya riga ya sani. Wasu sauye-sauyen sun yi kyau ainun. Karin Magana ya fi Misalai nesa ba kusa ba, domin ya gaya wa mai karatu ainihin irin zancen da zai tarar, kuma kubawa kalma ce da kusan babu mai amfani da ita. Amma an tsaya a Yesu, ba a koma Isa ba. Wannan muhawara ce tsohuwa, wadda Barbara Cooper ta tattauna a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi: ko a yi amfani da sunan da maƙwabta suka sani domin a samu kusanci, ko a riƙe wanda zai nuna cewa abin da ake faɗa game da shi daban ne. Masu bi na ƙasar Hausa sun zauna a kan Yesu, har sunan ya zama alamar da ake gane su da ita.

Tsofaffi da yawa ba su saki tsohon bugu ba. Ayoyin da suka haddace tun suna yara da lafazinsa suke, kuma nauyin jimlolin da matasa suke kuka da shi, a kunnensu kwarjini ne. Wannan ba baƙon abu ba ne. Haka masu Ingilishi suka yi da fassarar Sarki James.

Yadda ake karatun

A majami'ar ƙauye karatu na kunne ne kafin ya zama na ido. Mutum ɗaya yake miƙewa ya karanta da ƙarfi, saura su saurara, kuma cikin masu sauraron akwai waɗanda ba su taɓa shiga aji ba amma sun haddace surori. Ta wannan fuska tazarar da ke tsakaninsu da maƙwabtansu masu zaman tafsiri ba ta da yawa.

Bayan Littafi Mai Tsarki, babu littafin da ya kai Littafin Waƙoƙi shiga jiki. Yawancin waƙoƙinsa fassara ce daga Turanci, an tilasta wa kalmomin Hausa bin karin da ba nasu ba, har dogon wasali yakan gajarce, karin sauti ya juye. Manazarcin waƙa zai sami abin suka a nan. Sai dai jama'a sun riƙe shi, ana kiran lamba kawai su ɗauka ba tare da sun buɗe ba, kuma aƙida mai yawa ta wannan hanya take shiga, fiye da ta wa'azi. Kusa da shi akwai waƙoƙin da Zumuntar Mata da ƙungiyoyin Sabon Rai suke ƙirƙira da kansu, da amshi da kiɗan tulu da kacau-kacau. Waɗannan sun fi zama a kan karin Hausa, kuma galibi a littattafan rubutu na makaranta ake adana su da hannu. Shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda aka faro a Jos a farkon shekarun 1960, shi ya ba ƙungiyoyin suna.

Sai littattafan koyarwa: na tambaya da amsa domin masu shirin baftisma, darussan makarantar Lahadi da hedikwatar ɗariƙa take bugawa duk shekara, Littafin Addu'a na Angilikan, da katikizim na Katolika. A nan ne bambancin ɗariƙu yake fitowa, misali kan yi wa jariri baftisma ko jiran mutum ya girma ya furta da bakinsa.

Ɓangaren zaman yau da kullum shi ne ya fi ƙaranci, kuma shi aka fi buƙata. Tambayoyin da mai bi yake fuskanta a wannan yanki na gida ne: mutumin da ya karɓi addinin yana da mata biyu, rabon gado tsakanin 'yan'uwan da addini ya raba, sadaki da kayan aure, cin naman layya da maƙwabci ya aiko, zuwa wurin boka idan ciwo ya ƙi jin magani, burkutu a wajen gayya. Littattafan aure da tarbiyya da ake sayarwa a shagunan birni yawancinsu da Ingilishi suke, an rubuta su ne domin iyalin Amurka ko na Legas. Ko an fassara su, ba su san gandu ba, ba su san kishiya ba. Amsoshin da ake aiki da su a zahiri suna fitowa ne daga bakin fasto da dattawan ikilisiya, kuma kaɗan ne daga ciki aka taɓa rubutawa.

Akwai kuma farashin da ƙananan harsuna suke biya. Warjanci harshe ne na iyalin Cadi, ɗan'uwan Hausa na nesa. Iyalin da suke addu'a da Hausa, suke waƙa da Hausa, suke haddace aya da Hausa, sun ƙara wa Hausa wani fili a cikin gida bayan na kasuwa da makaranta. Majami'a tana cikin manyan hanyoyin da Hausa ta bi ta bazu a tsakanin ƙabilun Bauchi da Filato da kudancin Kaduna, abin da ba a cika ambata ba idan ana lissafin dalilan yaɗuwar harshen. Ta ɗaya gefen kuma matasan da suka yi sakandare suna zamewa zuwa Ingilishi, suna ɗaukar sujadar Hausa ta tsofaffi da mutanen ƙauye ce.

Wayar hannu ta sauya lissafin samun littafi. Manhajoji irin su YouVersion suna ɗauke da fassarar Hausa fiye da ɗaya kyauta, ciki har da sabuwar da ake kira Sabon Rai Don Kowa, wadda ta koma ga Yohanna da Kiristi. Akwai kuma karatun da aka naɗa da murya, ana tura shi daga waya zuwa waya, wanda ya ɗora a kan abin da rediyon ELWA da Muryar Bishara suka saba wa masu sauraro shekaru da dama. Wanda ba shi da kuɗin bugaggen littafi, ko ba ya iya karatu, yanzu yana da hanya. Abin da hakan ya haifar a ranar Lahadi shi ne benci ɗaya yana iya ɗaukar fassara uku: dattijo da tsohon bugunsa mai ch, matar aure da na 1979, saurayi da waya. Idan mai karatu ya sanar da Wahayin Yahaya, dattijon Ru'ya ta Yohanna yake nema, shi ya sa masu jagorar sujada da yawa sukan faɗi sunan littafin iri biyu kafin su ba da sura da aya.